Na Riƙe, Hau: Kwana Biyu a Duwatsun Damagaram

"Mi za ka ɗauko bisa dutsi?"

Abin da Inna ta tambaye ni ke nan daren da zan tafi, tana zaune bisa tabarma tana ɓarar gujiya. Na ce ba komai. Ta ce mai hawan kuka miya yake nema, mai hawan goriba ƴaƴa yake so, mai shiga rijiya ko ruwa ko guga. Amma namiji da hankalinsa ya biya kuɗin mota ya je ya hau dutse ya sauko hannu sake, wannan ita ba ta taɓa ji ba. Na yi shiru, don a daren ba ni da amsar da za ta gamsar da ita. Da na durƙusa yi mata sallama addu'a kawai ta yi: Allah ya kai, Allah ya maido.

Ban ga laifinta ba. Mu mutanen Maraɗi ƴan yashi ne. Ka tashi daga Bagalam ka gangara gulbi, ka haura ta Zariya, ka miƙe har Dakoro ko Mayahi, abin da ƙafarka za ta taka rairayi ne da jigawa, sai laka a fadama. Garin ma da kansa a kwari yake can da, sai da ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin aka hauro da shi bisa tudu, kuma tudun nan shi ne iyakar hawan da yawancinmu muka sani. Akwai ƴan duwatsu a kudu, wajen Ɗan Isa kusa da iyaka, amma gajeru ne, kuma halin da dajin wannan yankin yake ciki a shekarun nan bai bar mai hankali ya kwashi ƴaƴan mutane ya je yawon shaƙatawa ba. Marmara kuwa, wadda ake haƙa a ramukan bayan gari, ba abin dogara ba ce: ka kama ta, ta biyo hannunka.

Duk da haka muna da ƙungiyar masu hawan dutse, mu goma sha ɗaya. Wanda ya tara mu tsohon ma'aikacin kashe gobara ne, Shef muke ce masa. A bakin aiki ya koyi igiya, kuma yakan ce mutanen da ya fitar daga rijiya sun fi waɗanda ya fitar daga wuta yawa. Cikinmu akwai ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo guda huɗu, biyu mata, akwai tela, akwai malamin lakwal, akwai wani yaron gareji ɗan shekara 17 da muke kira Auta, sai ni mai ɗan kanti a kasuwa. Wata shida na yi a cikinsu ban taɓa dutse ba. Kowace Lahadi da sassafe muna haɗuwa a wani benen da ba a gama ba, wanda mai shi ya yardar mana, ko a gindin wata tsamiya wajen lambuna, ana koya mana ƙulli ɗaya, a kwance, a sake, har hannu ya iya shi ido rufe. Ƙullin takwas sunansa, don ya yi kama da lambar 8. Na ƙosa ƙwarai a lokacin. Shef ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayanmu ba su da yawa, amma babu na banza a ciki. Igiya biyu, kowace mita 60, kaurinta wajen milimita 10, zare ne a ciki da riga saƙaƙƙiya a waje. Sirrinta shi ne tana miƙewa kaɗan in nauyi ya faɗo mata, sai ta shanye fizgar. Igiyar ɗaure kaya ta kasuwa ba ta yin haka. Ko ba ta tsinke ba, fizgar kugun mutum da bayansa za ta koma. Ina faɗin wannan ne don na ga samari suna kallon hotunanmu a Facebook suna cewa ai igiya igiya ce. Wallahi ba haka ba ne, kuma duk wanda ya sayi igiyar hawa ta hannu bai san tarihinta ba, bai san rana ko ruwan batir da ta sha ba, ya sayi abin da ba zai iya maidowa ba. Sai ɗamara da ake sawa a kugu da cinyoyi, da hular kwano, da ƙugiyoyi masu ƙofa, da ɗan ƙarfen da igiya ke ratsawa wanda muka sa wa suna birki. A jikin kowace ƙugiya akwai lamba. Tawa 22 ce da haruffan kN, wato in ƙofarta na rufe kuma an ja ta a tsaye tana ɗaukar nauyin da ya haura tan 2. In ƙofar ta buɗe, ko rabin haka ba ta kaiwa. Shi ya sa ake murɗa makullinta, wani kuma ya zo ya duba an murɗa.

Cikin Disamba muka tafi, tsakiyar ɗari, don a bazara dutsen ba ya taɓuwa bayan hantsi. Kowa ya zuba jika goma sha biyar, muka ɗauki hayar Hiace, muka bar Maraɗi bayan sallar asuba, hazo ya rufe fitilun gari. Zuwa Damagaram kilomita kusan 240 ne a kan babbar hanya. Cadawa, Agye, Gazawa, duk a cikin gyangyaɗi na wuce su. A Tasawa muka tsaya shan shayi da burodi. Da muka kai Maijirgi ɗaya daga cikin ɗaliban ya nuna ta taga ya ce nan aka binne Bule da Shanwan, sojojin Faransan nan da suka ƙone garuruwa suka karkashe mutane a kan hanyarsu a 1899, har nasu sojojin suka juya musu. Mota ta yi tsit. Gaba kuma ga Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuren Daga suka tare Faransawa a wannan shekarar. Na sha bin hanyar nan da kayan kanti, ban taɓa sanin abin da nake ratsawa ba.

Sai ƙasa ta soma sauya. Dutse ɗaya can a tsakiyar gona, kamar an manta shi. Sai biyu, sai tari, wani bisa wani kamar an jera tulunan da suka fi ɗaki girma. Auta ya manna fuska da gilashi bai ƙara magana ba.

Wanda bai taɓa shiga Birnin Damagaram ba, ya je. Ba fadar Sarki kaɗai ba, ba zanen bangon gidaje kaɗai ba: yadda mutane suka zauna da dutse kamar maƙwabci. Gida ya jingina da shi, lungu ya kauce masa, akuya na kwance a ƙwanƙolinsa, yara sun goge wani gefe da zamiya har yana ƙyalli. Nan ne babban birnin ƙasar a zamanin Turawa kafin a mai da shi Yamai a 1926. Kuma wannan dutsen da muka yi tattaki dominsa, wanda masana ke kira giranit, shi ne yake shimfiɗe a ƙarƙashin garin yana hana rijiya ruwa, har sai daga nesa ake jawo musu shi. Mun ga layin bidon a bakin famfo. Shef ya ce kowa ya lura: ruwan da muka ɗauko daga gida shi za mu sha, ba za mu je mu zama nauyi a kan mutanen ƙauye ba.

Ƙauyen da za mu sauka yana wajen gari kaɗan. Ba mu sauke ko jaka ba sai da muka je gaida maigari da goro. Shef ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Maraɗi. Izini muke nema mu hau duwatsun nan na bayan gari."

Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko zinariya muke nema. Da aka ce a'a, ya tambaya ko aikin gwamnati ne. Aka ce a'a, hawa ne kawai. Ya ɗan yi murmushi ya ce to, amma da sharaɗi biyu: dutsen arewa mai tsaga a tsakiya kada mu kusance shi, akwai zuma a ciki, kuma tun kakanni ba a hawansa, sannan kada mu rubuta komai a jikin dutse. Bai yi bayanin na kakannin ba, mu ma ba mu nema ba. Ni dai na ji daɗin sharaɗin nan na biyu. Na tsani ganin sunan mutum da fenti a jikin abin da ya riga kakansa zuwa duniya. Maigari ya haɗa mu da wani yaro makiyayi ya nuna mana hanya.

Ranar farko ba mu warware igiya ba. Hawan hannu da ƙafa muka yi a kan wani falalen dutse mai faɗi, wanda gangarensa bai kai a ɗaura ba amma ya fi ƙarfin tafiya haka kawai. Nan na koyi abin da bene bai koya mini ba. Da zarar na ji ƙasa ta yi nisa, jikina ya so in kwanta in rungumi dutsen. Shef ya ce daga bayana, "Tashi tsaye, Alhaji. Ka raba cikinka da shi." In ka kwanta, nauyinka ya bar tafin ƙafa, takalmi ya zame. In ka miƙe, nauyin ya danna robar a kan ƙurajen dutsen, ta kama. Abin da tsoro yake ce maka ka yi, shi ne daidai abin da zai kayar da kai. Na miƙe a hankali, gwiwa na rawa, sai na ji ƙafar ta zauna daram. Ya ce in riƙa motsa gaɓa ɗaya, uku na riƙe. Ya ce hannu don daidaito ne, ƙafa ce mai hawa.

Ya koya mana ƙwanƙwasa kuma. Dutsen nan yana ɓare a hankali kamar albasa, ɓawo bisa ɓawo. In ka buga da tafin hannu ka ji sauti a cike, lafiya. In ka ji kamar ganga, akwai rami a bayansa, kada ka ba shi nauyinka. Kuma ba a cusa hannu a tsaga sai an leƙa, saboda kunama da kububuwa su ma suna son inuwa. Yaron makiyayin nan duk wannan ya san shi ba da suna ba. Da silifas ɗin roba yake tafe a gabanmu, sanda a wuya, ba ya ko kallon ƙafarsa.

A sama iska ta buge mu. Gonakin hatsi an girbe, sai kara a tsaye, rumbuna a bakin gari kamar huluna, itatuwan gawo kore shar a tsakiyar rani kamar yadda suka saba, hazo ya cinye ƙarshen duniya. Hazbiyoyi suka tashi daga ƙarƙashinmu. Ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba sai ranar. Tela ya ce Subhanallah, ya sake cewa, ya sake. Saukowa ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba, don ido ba ya ganin inda ƙafa za ta sauka, kuma ta ci mana kusan ninki biyu na lokacin.

Da dare sanyi ya sauko sosai. Matan gidan maigari suka aiko da tuwon hatsi da miyar kuka, muka kewaye wuta. Wani tsoho ya zo ya zauna yana jujjuya igiyarmu a hannunsa, ya ce shi maginin rijiya ne a da, ya faɗi yadda a nan sai ka yi gaba kaɗan ka ci karo da dutse, dole ka cike ka koma wani wuri. Sai na ce masa, "Baba, mahaifina ma aikinsa ke nan, Allah ya jiƙansa." Ya juyo ya kama hannuna. A wajenmu, arewa da Maraɗi, ba dutse ke wahalarwa ba, zurfi ne: mutum ya sauka gaba talatin, gaba arba'in, har bakin rijiya ya koma kamar kwabo a sama, da igiyar kaba a kugunsa. Tsohon ya tambaye ni, "Wa ke riƙe mashi?" Ban zaci tambayar ba. Na ce wani abokin aikinsa ne, muna kiransa Baba Ƙarami ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya gyaɗa kai, ya ajiye igiyar, ya ci gaba da jin ɗumi.

Washegari aka warware igiya. Bangon da Shef ya zaɓa bai fi mita 15 ba, yana kallon yamma, don haka da safe yana cikin inuwa. Ya zagaya ta baya ya hau, ya kafa turke: ya naɗe wasu manyan duwatsu biyu da maɗauri daban-daban, ya haɗa su a wuri ɗaya da ƙugiya biyu, don in ɗaya ya ci amana ɗayan na nan. Ya shimfiɗa tsohon buhu a bakin dutsen kada kaifi ya ci igiya. Ta sauko biyu, bakin ɗaya na mai hawa, ɗayan na mai riƙo. Kafin kowa ya taɓa dutse, mai hawa ya duba birkin mai riƙo, mai riƙo ya duba ƙullin mai hawa. Ƴan matan suka cusa bakin hijabi cikin riga suka ɗora hula, domin birki in ya ja ƙyalle ko gashi ba ya saki. Kalmominmu ƙididdigaggu ne, ba a ƙari, ba a wasa da su:

"Na ɗaura."

"Na riƙe."

"Zan hau."

"Hau, bismillah."

Wadda ta riƙe mini ɗaya ce daga cikin ɗaliban, ƙarama ce a jiki, ba ta da yawan magana, an ɗaure ta da wani dutse ta baya don na fi ta nauyi. Hawan nawa ba shi da dogon labari. Na bi tsaga, na maƙale a tsakiya na ɗan lokaci, yatsu suka yi zafi, na sami wani ɗan ƙurji na ɗora babban yatsan ƙafa, na kai turke na taɓa shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne saukowa: ka saki dutse da hannu biyu, ka jingina da iska, ka zauna cikin ɗamara, ka bar ranka a tafin hannun wani. Na duba ƙasa, idonta na kaina, ba ta ko ƙifta ba. Ta sauke ni kamar ana sauke tulu cike.

Sai aka ce ni zan riƙe wa Auta.

Yaron yana da ƙarfi da sauri, irin na masu ɗaga inji, kuma saurin ne matsalarsa. Yana hawa ina janye ragowar igiya, hannun dama ba ya barin ɓangaren birki ko da ƙuda ya sauka a ido. Wannan ita ce dokar da aka fi nanata mana a gindin tsamiya. Ya wuce inda na maƙale, ya bar tsagar ya nufi dama, wajen wani ɓawo mai kyan kamu. Na ji Shef ya ce, "Ƙwanƙwasa tukuna!" Bai ƙwanƙwasa ba. Ya kama da hannu biyu ya ja.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa faranti. Wani ya yi ihu, "Dutse!" Ban ga ɓallin ba, na dai ji ya daki ƙasa a haguna, tsakuwa ta watso mini a hula. Abin da na gani Auta ne ya rabu da bango, hannuwa a buɗe. Ban yi tunani ba. Hannuna ya riga ni, ya ja igiya ƙasa zuwa cinya ya kulle. Nauyin ya zo ta ɗamara, ya fizge ni taku ɗaya gaba, dugadugaina suka ɗaga, igiyar ta miƙe ta yi ƙara siririya, sannan komai ya tsaya. Yana lilo a sama, bai faɗo abin da ya kai tsayin mutum ba.

"Auta, lafiya?"

Ya daɗe kafin ya amsa. "Yaya, kana riƙe?"

"Ina riƙe."

"Kada ka saki."

"Ba ni saki. Huta."

Gwiwar hannunsa ta kuje, jini kaɗan. Shef bai yi masa faɗa a lokacin ba, ya ce ya sa ƙafa a bango, ya ja numfashi, ya zaɓa da kansa: sauka ko ci gaba. Ya ce zai ci gaba. Ya koma tsagar, yana buga kowane kamu kafin ya ba shi nauyi, har ya taɓa turke.

Ni kuwa ina ƙasa, wuya ya ƙage don kallon sama, igiya na ratsa tafina, sai Baba Ƙarami ya faɗo mini a rai. Shekara fiye da ashirin yana tsaye a bakin rijiya cikin rana. Ba shi ake yaba wa ba in ruwa ya fito. Sunan mahaifina ake kira, rijiyar wane. Ina yaro ina jin haushi in sun dawo da yamma, Inna ta dama fura, ta miƙa wa Baba Ƙarami ƙwarya kafin ta miƙa wa mijinta. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce in tashi in ba ta wuri. Ranar da mahaifina ya rasu, a kan gadonsa, ba a rijiya ba, Baba Ƙarami ya zauna a zaure ya kasa shiga, yana kallon tafin hannunsa. Duk wannan ya dawo mini a gindin dutsen nan, da yaron mutane rataye a kuguna. Da na sauke Auta ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya rungume ni, ni kuma na kasa kwance birkin don hannuna ya ƙi buɗewa. Sai da tela ya zo ya ɓamɓare mini yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin azahar rana ta zagayo, dutse ya ɗau zafi, muka naɗe. Shef ya bi igiyar da yatsu daga baki zuwa baki yana neman inda ta yi laushi ko ta kuje, ya rubuta faɗuwar a ɗan littafin da yake ajiye wa kowace igiya. Sannan ya zaunar da Auta gefe, su biyu, ya yi masa maganar da ba mu ji ba. Muka tsince ledoji, namu da waɗanda muka tarar, muka koma muka yi wa maigari godiya. Yaron makiyayin ya roƙi a koya masa ƙullin takwas, ɗalibar nan ta zauna a ƙasa ta koya masa da igiyar akuyarsa.

Mun shigo Maraɗi bayan isha'i. Inna ba ta kwanta ba. Ta haska hannuwana da fitila, ta ga fatar yatsu ta saɓule, ta ce in kawo man kaɗanya. Tana shafa mini nake ba ta labari, falalen dutse, hazbiyoyi, tsohon maginin rijiya, faɗuwar Auta. Ba ta katse ni ba. Ba ta sake tambayar abin da na ɗauko ba. Da na gama ta ce, "To kai da ka hau, wa ya riƙe maka?"

Na faɗa mata. Ta tambayi ɗiyar wace ce, a wace unguwa take. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe buhu. Ta fito da tiya guda ta gujiyar da ta ɓare, ta juye a leda, ta ƙulle baki, ta ajiye kusa da takalmina.

"Da safe ka kai mata kahin ka buɗe kanti. Ka ce ina gaishe ta."